Cikin Rumbun da Ban Nuna Ba

Shekarun baya can, tun ina saurayi mai ji da kansa, ni ne mai kunna majigi a motar gwamnati da ke zagaya ƙauyukan Birnin Gwari. Mu kafa farin ƙyalle a fili, mu tayar da janareta, mu nuna wa manoma fim a kan taki ko rigakafi. A lokacin gani nake daga Di'o, babban jami'in mulkin yankin, sai ni, ko hula a karkace nake sa ta.

Wata shekara aka ba mu sabon fim a kan adana hatsi. A wani ƙauye bayan Kuyello aka ɗauke shi, a gidan mahaifin wani abokina, dattijon da rumbunsa ya fi na kowa girma. Da aka ji za mu kawo fim ɗin garin, har daga ƙauyukan cikin daji aka yi ta tahowa, kowa na son ganin nasu a jikin ƙyalle.

Da azahar muka iso. Ina cikin sauke kaya sai ga dattijon. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rage murya.

"Ɗana, wannan na'urar taku, duk abin da ta gani sai ta nuna?"

"Baba, ai ba ta mantuwa," na ce, har da buga ƙirji. Wauta dai.

Sai ya ce, "Ranar nan mai ɗaukar hoton ya hau tsani, ya leƙa da ita cikin rumbuna. Baƙi ne, na ji nauyin hana su."

Nan na gane abin da ke damunsa. A wajenmu cikin rumbu sirrin maigida ne. Ko iyalinsa ba sa leƙawa. Shi ke hawa ya fiddo dami, don kada a san abin da ya rage hankali ya tashi. Kuma shekarar da aka ɗauki fim ɗin damina ta yi gardama.

Na shiga zauren abokina na warware fim ɗin, ina ɗaga shi ga hasken ƙofa. Can tsakiya na same shi: ƙasan rumbu fayau, sai dami uku a jingine. Ashe haka bawan Allahn nan ya lallaɓa da gidansa har kaka ta yi, ba wanda ya sani. Ni kuma yau zan baje wa gari duka.

Dokar aikinmu a fili take: in fim ya tsinke ka haɗa, amma ba ka da ikon cire ko tsawon ɗan yatsa, dukiyar gwamnati ce. Na daɗe riƙe da reza ina tunanin aikina. Ƙarshe na yi bisimilla na yanke wajen kamu biyu. Na kankare bakin kowane ɓangare, na shafa gam, na daidaita ramukan gefe, domin in suka saɓa, majigin zai cije a gaban jama'a. Na danne da babban yatsa, gumi na zuba kamar wanda ya yi huɗa.

Bayan magariba aka fara. Dattijon na zaune a gaba, ni ina bayan majigi ina jiran wurin da na haɗa. Da aka zo mahaɗar, na'urar ta ce ƙyat, ta wuce. A ƙyalle dai an ga dattijon ya kama tsani zai hau, kafin ƙiftawar ido ga shi a ƙasa da dami a kafaɗa.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta ce, "Kai! Malam ashe har yanzu da sauransa!"

Fili ya kaure da dariya da tafi. Dattijon ko juyowa bai yi ba.

Da safe na kai masa guntun da na cire. Ya ɗaga shi ga rana ya duba, ya jefa a murhu, ya ce, "Allah ya rufa maka asiri, ɗana." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

A Kaduna kuwa shugabana bai yi minti biyar da fim ɗin ba ya gano.

"Me ya sami wannan?"

"Ranka ya daɗe, tsinkewa ya yi."

"Tsinkewa? Miƙe sak haka?"

Na sunkuyar da kai. Da na faɗi dalili wataƙila da ya yafe, amma da na faɗa, me na rufe ke nan? Aka rubuta mini takardar gargaɗi kan sakaci da kayan gwamnati.

Yanzu jikokina da yatsa ɗaya suke cire tsakiyar bidiyo a waya, ina kallonsu ina murmushi. Abin da na koya a zauren nan shi ne, ba duk abin da na'ura ta gani ne ya zama hakkin jama'a ba. Dattijon ya daɗe da rasuwa, har ya koma ga Allah ba wanda ya ji daga bakina. Duk tsawon aikina takardar gargaɗi ɗaya ce tak a fayil ɗina, kuma wallahi ko takardar ƙarin girma ban yi alfahari da ita kamar wannan ba.