Wasiƙar da ta maƙale cikin odinater

Wata likita baturiya ce ta bar mini odinater ɗinta, wato kwamfuta, da za ta koma ƙasarsu, tsohuwa mai murfi, nauyinta ya kai na ɗan akuya. A lokacin ina buga takardu a biro, wato ofishin asibitin mishan da ke yankin Madawa. Cikinta na rubuta wasiƙar, shafi goma sha ɗaya, zuwa ga wata Bafulatana ƴar Karofane da ta yi wata guda tana jinyar babanta a wajenmu. Ta yi lakwal, wato boko, tana karatu sarai. Na zuba mata wata da taurari da furannin da ban taɓa gani ba sai a littattafan kasuwa. An ce mini damina na faɗuwa za su yi arewa da shanu, ga hadari ya soma haɗuwa. Niyyata ran Litinin in fitar da wasiƙar a takarda.

Ran Litinin na danna buton, sai baƙin allo da layi guda na Ingilishi. Na kashe, na kunna. Na cire batiri na mayar. Na hura mata iska ta kowace kafa, na yi bisimilla na sake dannawa. Layin nan dai.

Na kai ta wurin dattijon da ke kula da injin wutar asibiti. Ya gyara tabarau ya karanta.

"Ta ce ba ta ganin diskinta. Rumbun da take aje magana ke nan."

"Baba, ina ya tahi? Ni ban buɗe ta ba."

"Ni zan tambaye ka. Mi kay yi mata?"

Na lissafa masa. Ran Asabar na goya ta bayan moto, wato babur, har Allakaye, don abokaina su gani. Wuta kuma ta ɗauke sau biyu tana kunne. Ya ce ko wannan, ko wancan, ko tsufa. Sai ya kai ta hanci ya sansana.

"Yaro, wagga aba warin jiƙaƙƙen buhu takai."

Na ruga gida wurin goggona, wadda nake zaune hannunta.

"Goggo, kin taɓa injin nan?"

"Na iske ta da zahi kamar mai masassara, kai kana can kana yawo. Na naɗe ta da buhu mai ruwa, yadda nika yi ma bidon ruwan sha. Ba ta yi sanyi ba?"

Ta yi sanyi kam.

Dattijon ya kwance kusoshi ya zaro wani ɗan ƙarfe, faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. Na tsaya ina kallo, na kasa gane ta yaya shafi goma sha ɗaya da duk kukan da na yi suka shiga nan. Ya shanya shi da sauran injin a kan kwanon rufi, gefen albasarsa. Na wuni ina gadi, ina korar kaji, ina duban gabas saboda hadari.

Da la'asar ya mayar, ya danna shi da babban yatsa. Ta yi ƙara kamar ɓera na gaigayar ƙwarya, sai ga rubutu.

"Maza ka kwahe da bik, ban yarda da ita ba."

Na ɗauki alƙalamin na soma kwafewa a takarda. Gaisuwa kawai na gama, da layin da na ce idonta ya fi tafkin Keita, sai allo ya daskare. Muka kunna har magariba, ba ta sake ganin diskin ba. Har yau ban san ko hanya ce, ko buhu, ko shanyar ba. Goggo ta ce rana ce ta kashe ta.

Da rabin shafin na tafi Karofane ranar kasuwa. Na sami Bafulatanar tana sayar da nono. Ta karanta, ta juya bayan takardar, ta ga fari.

"Malam mai biro, duk gaisuwa ta? Ina sauran?"

Na soma yi mata bayanin diski da buhu. Ta dube ni kamar mai taɓin hankali.

"Jibi muka tashi. In da magana, hwaɗi da bakinka."

Na nemi wata da taurarin nan a kaina, babu ko ɗaya. Abin da ya fito shi ne, in sun dawo da kaka zan turo kawuna wurin babanta. Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ce to, ya zo da goro mai kyau.