Fulas ɗin Anti Memuna

Duk wanda ya san Anti Memuna ya san fulas ɗinta. Shekara da shekaru muna aikin allurar kashe zafi tare a ɗakin haihuwa, ban taɓa ganin shayi a cikinsa ba, sai ƙanƙara. Ita ma daga firjin maƙwabta take kwasowa a unguwarsu Aboabo.

Tunda ta tafi, bari in faɗa: na yi kishinta har cikin raina. Na fi ta karatu, na fi ta saurin hannu, amma duk matar da aka kawo daga unguwar Zongo, tana naƙuda tana tambayar mai ƙanƙara.

Allurar baya, wadda muke tura magani ta siririn bututu, wani lokaci takan kashe zafin ciki ta bar na ƙasan ƙugu. Ni in na yi, sai in tambayi mace ko da saura, ta ce alhamdulillahi, in wuce. Anti kuwa sai ta zaunar da ita, ta jira, sannan ta manna mata ƙanƙara a dunduniya ta tsura wa fuskarta ido. In ƙafa ta ji sanyin, maganin bai sauka can ba.

Takan ce min, “Ei, Sakina! Macen Zongo za ta ce tana jin zafi, uwar mijinta na bakin ƙofa? Baki kunya gare shi. Tambayi ƙafa.”

Wani makanike daga Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, ya taɓa yi mata ƙorafin jinkiri a kan matarsa. Ta tambaye shi ko in ya zuba wa inji mai, nan take yake tayar da shi. Ya ce a'a, sai man ya sauka. “To jira a waje, wannan ma sauka yake.”

Wani sabon likita ya ce fulas ƙauyanci ne, ya kawo mata feshin sanyi na gwangwani. Ta yi godiya sosai, ta ƙarar da shi a gwiwarta mai ciwo.

Ranar da 'yata Rukayya ta zo haihuwa, na rantse ba za ta taɓa min ɗiya ba. Ni na yi allurar. Na tambaya, Rukayya ta ce, “Mma, lafiya lau.” Ina ta hura hanci sai ga Anti da fulas. Ƙanƙara na taɓa dunduniya, yarinya ta zabura. Ashe ta daɗe tana cije leɓe don kada ta kunyata ni. Anti ta gyara bututun, ta ƙara magani, ta riƙe mata hannu har ta samu sauƙi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wannan ma ya ba ni haushi, don da ta yi min gori, da na samu abin riƙe ta da shi.

Yanzu fulas ɗin yana hannuna. Mata suna kirana mai ƙanƙara, amma sai sun ƙara da “ta biyu”. Na haƙura.

Allah ya jiƙan ki, Anti. Yadda kika ji zafin da ba a faɗa miki ba, Allah ya sanyaya makwancinki.