Baƙar Giyar Auta

Mamanmu ta yi shekaru tana dafa burukutu a Sabon Gari ba tare da ta kai shi bakinta ba. Tun da ta shiga zumuntar mata a coci ta yi alkawarin barin sha, amma ba ta yi alkawarin barin tukunya ba, don da ita muke ci. Sai ta ari harshena. Duk ranar da giya ta kwana ta tashi, kafin a buɗe wa masu saye ƙofa, takan ɗebo a ƙoƙo ta miƙo mini. Ba a magana. In ta yi, in shanye tas. In ta yi tsami ko ta yi salam, in zubar da ragowar a ƙasa, ita kuma ta san gyaran da za ta yi. Ban taɓa jin nauyin zubarwa ba, ko da Mama za ta wuni tana hararata.

Mama ta rasu, na yi aure na koma Ketaren Gwari ina koyarwa a firamare, amma dangi ba su daina kawo mini cokali ba. Miyar biki, kunun suna, kome sai an ce a kai wa Yaya ta taɓa.

Bara zazzaɓi ya kwantar da ni da maigidana a mako guda. Ni na tashi, shi bai tashi ba. Bayan an watse daga zaman makoki na lura tuwo da miya duk ɗaya suke a bakina. Na lashi gishiri, na tauna citta, ban ji komai ba. Hancin ma haka, ko hayaƙin maƙwabta ba na ji. Likita ya ce zai dawo, in yi haƙuri. Ban damu ba, gaskiya. A lokacin ba abin da ke damuna, kuma ba abin da ke faranta mini. Ina tashi, in je makaranta, in dawo, in ci abin da ke cikin kwano don kada in faɗi. Ban gaya wa kowa ba.

Wata takwas ina haka Autanmu ya zo. Shi ne ya gaji haukar tukunya. Ya bar aikinsa na otal a Abuja, inda ya ga yadda ake haɗa giya kaɗan-kaɗan da hannu, ya dawo ya share tsohon ɗakin Mama ya cika shi da durom da tiyo. Na ji labari sau uku yana dafawa yana zubarwa a kwata. Wannan ta huɗu ce. Wani mai gidan shaƙatawa a Abuja ya ce ya kawo ranar Litinin a gwada, in ta yi a riƙa karɓa, in ba ta yi ba kada ya sake wahalar da kansa.

Ranar Asabar ce da rana tsaka, zafin Minna ya kwanta a kan kwanon rufi, ba wutar lantarki. Ya shigo da kular ƙanƙara a kafaɗa, ya jiƙe sharkaf da gumi.

"Yaya, sannu da gida. Ba zan kai ta ko'ina ba sai kin taɓa."

"Kai da ka je birni ka waye, me za ka yi da bakin tsohuwa?"

"Ki bari mana, Yaya. Ga shi har ƙoƙo na zo da shi."

Sabon ƙoƙo ne, ya saya a Kasuwar Kure. Ya ciro kwalba daga cikin ƙanƙara, ya buɗe, ya karkata ƙoƙon yana zubawa a hankali. Baƙa ce wuluk, kumfarta ruwan ƙasa, mai kauri, ta hau ta zauna ba ta faɗa ba. Yana zubawa yana bayani kamar mai wa'azi: sha'ir ne aka gasa har ya kusa ƙonewa, sannan ya haɗa da ots, hatsin nan na gwangwani da ake dama wa marasa lafiya. Ya miƙo mini.

Na karɓa. Na kai hanci don ya ga na kai. Na kurɓa.

Na ji sanyi. Na ji nauyinta a kan harshe, da kumfar da ta manne mini a leɓe. Shi ke nan. Na sake kurɓa na riƙe a baki ina jira, ko wani abu zai taso daga can ƙasan maƙogwaro. Babu. Auta ya tsuguna a gabana, ba fuskata yake kallo ba, ƙoƙon yake kallo, don ya san dokar. Zubarwa ƙarya ce, shanyewa ma ƙarya ce. Na zaɓi mai sauƙin, na ɗaga kai na shanye, na kife ƙoƙon a kan tabarma.

Ya yi tsalle har ya buge kula. Ya ce ya sani, wallahi ya sani, ya ciro waya zai kira mutumin Abuja. Ina zaune ina kallonsa kamar ana yin abin a gidan wasu. Sai na tuna cewa da wannan shanyewar tawa zai hau mota, ya tsaya gaban baƙo yana bugun ƙirji. In giyar ta lalace, ni na tura shi.

"Auta, ajiye wayar nan."

Ya ajiye.

"Ban ji komai ba. Tun ciwon nan bakina ya mutu. Ko ruwan kwata ka zuba mini, haka zan shanye."

Na zaci zai yi fushi, kuma ko ya yi ba na jin zai taɓa ni. Sai ya ɗauki ƙoƙon ya sake zubawa.

"To bar ɗanɗano. Me kika ji?"

"Na ce maka ba komai."

"A harshe, Yaya. Ta yi ruwa-ruwa? Tana kartar baki?"

Na kurɓa, na juya ta. "A'a. Tana da jiki. Sulɓi gare ta, kamar kunun gyaɗa da aka tace sau biyu. Ba ta tsaya a wuya."

"Aikin ots ɗin ke nan," in ji shi a hankali. "Ɗaci da ƙamshi ni ma ina ji. Sulɓin nan ne ya gagare ni sau uku, har na daina yarda da bakina."

Ya ce zai je Abuja, abin da ya faru ya faru. Na ce Allah ya ba da sa'a. Na ci gaba da kurɓa, ba don komai ba sai don laushin da take bi da shi, kuma rabon da in so kurɓa ta biyu ta wani abu har na manta. Bai tashi ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, yana kallon kwanon tuwon da na ture gefe tun safe.

"Wata takwas, Yaya. Kullum muna waya. Ba ki gaya wa kowa ba?"

"Ba wanda ya tambaya."

Ya sunkuyar da kai. Can ya jawo kula, ya buɗe ɗaya daga cikin kwalaben da ya ware wa mutumin Abuja, ya cika mini ƙoƙon.