Ranar da Hajo ta Riƙe Ludayi

Ranar Talata ce, bayan an gama girbin hatsi. Tun da safe na share ɗakin ajiya na ƙungiyar mata, na shimfiɗa tabarmi a kewaye. Rabi mai ƙosai ta riga kowa zuwa, tana mita wai zaman surutu ba ya ɗora tukunya. Amma ba ta taɓa fashi ba.

Ni ce jagorar zaman. A Filinge aka koya mini, wajen wata ƙungiya mai taimakon waɗanda suka gudo. Jagora ba ta hawa kujera, a tabarma take zama kamar kowa. Abin da aka faɗa a ɗaki, a ɗaki yake kwana. Ba a katse mai magana, ba a ja mata harshe da tambaya. Su can Filinge ƙwallo suke miƙa wa mai magana. Ni na ce matan garinmu Kurfai ba yara ba ne, na kawo ludayi. Wadda ludayi ke hannunta, ɗakin nata ne.

Mu tara ne. A cikinmu akwai Hajo, wadda ta gudo daga wajen Abala bara, ita kaɗai, ƙafafu duk ƙaya. Tun zuwanta ba wanda ya ji muryarta. In ludayi ya zo gare ta sai ta miƙa gaba. Rabi takan ce a matsa mata, ni in hana.

Da hantsi ludayi ya zo hannunta, sai ta riƙe.

"Ina da ɗiya," in ji ta. "Tana da rai. Na bar ta ga wata mata, bakin rijiya."

Mu mun ɗauka nata duk sun ƙare. Sai ta koma baya, ta ɗauko labarin tun daga tushe: mijinta Alhasan, gonarsu, jar akuyarta mai haihuwar tagwaye. Tambaya na kan harshena. Wace rijiya, wane gari, wace mata? Na haɗiye. Haka aka koya mini, kuma na yarda da shi.

Sai muka ji babura daga arewa. An daɗe da hana hawan babur a yankinmu, kowa ya san su wa ke hawa. Mata suka dube ni. Hajo ba ta ji ba. Idonta a rufe, ta kai ga ranar da aka ƙone garinsu, saura kaɗan ta iso rijiyar. Na ɗaga musu hannu alamar a dakata ta gama.

Harbin farko daga wajen masallaci ya taso. Na biyu ya fi kusa. Kaji suka watse, wata mata tana ta kiran ɗanta. Aka doki ƙofarmu da ƙafa.

"Ku tsaya nan! Taron mi kukai? Wa ya aiko ku?"

Su uku ne, fuska a naɗe. Sun ga mata a kewaye, ƙofa a rufe, sun ɗauka masu kai wa soja labari ne.

"Wace ta babbarku?"

Ba wadda ta nuna ni. Dukanmu a tabarma muke, ba a gane babba. Ni ma ban ce ni ce ba. Mai tambayar ya bi mu da ido, ya ga inda fuskokinmu suka karkata, ya ga Hajo da ludayi a hannu. Sau biyu ya harbe ta. Ta kife a kan cinyar Rabi, shi kuwa ya yi dariya, ya ce a kawo fetur.

Ta tagar baya muka fita, hayaƙi na bin mu. Muka tsallake dangar kara, muka faɗa gonaki. An riga an yanke hatsi, babu inda mutum zai ɓuya. Suna harbi daga kan babura, ba sa ko sauri. Rabi tana gabana, zanenta jiƙe da jinin Hajo. Na ji ta ce "wayyo" sau ɗaya. Ban tsaya ba.

Azahar ta same mu a cikin wani kwazazzabo, kwance rubda ciki. Daga nan muna hangen rumbunanmu suna ci da wuta. Da ƙarar babura ta yi nisa muka tashi, ba takalmi, ba ruwa. La'asar sakaliya muka isa shingen soja na bakin Filinge. Wani soja ya ba mu ruwa a gwangwani, ya tambayi ko mu nawa ne.

Mu shida ne. Hajo ta rage a ɗaki. Rabi da Zali, ƙanwar mijina, sun rage a gona.

Bayan sadakar arba'in na shiga motar kasuwa zuwa Abala. Na bi rijiyoyin da aka bar ni na kai, ina tambayar matar da aka bar wa yarinya bara. Kowa sai ya ce, yarinyar wa, yaya sunanta? Na san sunan mijin Hajo. Na san launin akuyarta. Sunan yarinyar ban sani ba.