Ruwa Ya Yi Gyara

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili. Na daɗe ina karanta abin da 'yan'uwana mata ke aiko muku, ban taɓa zaton nawa ya kai a rubuta ba, don ba wanda ya mutu a cikinsa, ba wanda aka zalunta. Duk da haka ina roƙon a buga shi, a sakaya sunana.

A wancan lokacin ni yarinya ce, ban daɗe da gama sakandare ba, ina da goyon fari. Maigidana yana aiki a ofishin ƙaramar hukuma a Ikara, muna zaman haya a cikin gari. Da soja suka karɓi mulki aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Muka loda kayanmu a akori-kura muka koma ƙauyensu ta wajen Saulawa, inda mahaifiyarsa ke zaune da gonar gado. Sabulu sai an bi layi, kananzir sai dai a ɗiga a fitila, takin zamani kuwa a rediyo kawai muke jin labarinsa. Ban yi kuka ba. Na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, na koyi daka da jan ruwa a rijiya.

Surukata, wadda nake kira Inna, ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Mace ce mai barkwanci. Ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce Malama, wai tunda na yi boko ni ce idon gidan. In na ƙona tuwo sai ta ce ashe ba a koyar da wannan darasin a makarantar tamu. Ina sonta ƙwarai, ina kuma jin kunyarta irin wadda aka rene mu da ita: in tana magana kaina a ƙasa, abin da ta faɗa shi ne.

Akwai wata dawa a gidan da ba a samunta a kasuwa. Inna ta zo da irinta daga Gubuchi cikin kayan aurenta, mahaifiyarta ce ta ƙulle mata a tsumma. Fara ce sol, karanta dogo, tuwonta yana kwana bai yi tsami ba. Ba ruwanta da takin zamani, toka da kashin awaki sun ishe ta, shi ya sa a wannan shekarar ita ce dukan abin da muka dogara da shi. Aibinta ɗaya, ba ta sauri. Sai kowa ya girbe nasa tana tsaye tana shan ruwan ƙarshe. Kowace kaka Inna kan laluba zangarniyoyi da hannu ta zaɓi manya, a rataye su a saman murhu hayaƙi ya kore musu ƙwari. Al'adar gidan kuma ita ce, in an yi shuka ta fito, an yi noman firi, damina ta zauna, sai a sauko da ragowar irin a daka, a yi gumba a raba wa yaran unguwa sadaka. Inna ta ce haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, ba a barin ragowar iri ya ga sabon hatsi, rowa ce ga Wanda Ya ba da ruwan.

A shekarar ruwa ya sauka da kyau. Shamuwa ta zo ta yi sheƙa a tsamiyar bayan gidanmu, dattawa a ƙofar masallaci suka ce damina ta zauna. Maigidana, wanda hannunsa ya manta da fartanya, ya yi shuka, ta fito kore shar, ya yi firi tafin hannunsa duk kanta. Amma ni mai jan ruwa na lura da wasu abubuwa. Ƙarin igiyar da na ɗaura wa guga tun bazara ban kwance shi ba, rijiyar ba ta taso ba ko kaɗan. In na shanya tsummokaran goyo da hantsi, kafin azahar sun bushe ƙarau kamar da rani. Hadari kan haɗu ta gabas da la'asar, ya yi baƙi, sai wata busasshiyar iska ta taso ta watsa shi. Na ga duk wannan da idona, ranar farko, ta biyu, har na daina ƙirgawa.

Wata safiya na je gaishe da Inna na durƙusa a bakin ƙofa. Muka yi ta gaisuwa, kwana, gajiya, goyo, sai ta ce mini yaya ruwa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san amsar, ko rufin ɗakinka ruwa ya rusa, cewa za ka yi ya yi gyara. Na ce ya yi gyara. Ta juyo da fuskarta wajen muryata, ta sake cewa, Malama, na ce yaya ruwan. Na ji a jikina wannan ta biyun ba gaisuwa ba ce. Igiyar gugan ta faɗo mini a rai. Amma sai na tuna ni baƙuwa ce a gidan, 'yar birni, wadda ba ta taɓa shuka ko kuɓewa ba, ga dattawa sun riga sun yanke magana. Na ji tsoron a ce 'yar boko ta yi wa damina mugun baki, na kuma ji nauyin in hana sadaka. Na ce mata ya yi gyara, alhamdu lillahi. Ta ce to, madalla, in hau turmi in sauko da irin.

Na sauko da shi duka. Na sussuka, na surfa, na daka, na zuba mazarƙwailar da maigidan ya kawo daga Makarfi tunda sukari ya gagara. Yara suka cika tsakar gida suna miƙo hannu, Inna tana zaune a tabarma tana tsokanarsu, wai wanda bai wanke hanci ba kada a ba shi. Har maƙwabciyata, matar wani malamin firamare, Kirista ce daga kudancin jihar nan, ta shigo ta karɓi nata tana cewa ita ma ai yarinya ce in ana rabo. Na ɗanɗana gumbar. Ban taɓa cin mai daɗinta ba, har yau.

Daga ranar ruwa bai sake sauka ba sai da aka fid da rai. Ganyen dawar ya nannaɗe kamar tsinke, ya yi fari, ya kwanta. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, maza da riguna a juye, mu mata muna daga cikin gida muna amsa amin. Ni ba na jin komai. Ina girki, ina ba da nono, ina salla a kan lokaci, amma kamar wata ce ke yi ina kallonta. In na shiga ɗakin girki idona kan tafi wajen da irin yake rataye a da, inda baƙin hayaƙi bai taɓa ba, ya bar fari a jikin kara.

Da ruwan ya dawo kowa ya ruga sake shuka. Maigidana ya shigo da gudu, jiƙe sharkaf, ya ce in miƙo ragowar iri. Shi ya ma manta da gumbar. Sai Inna ta amsa daga ɗaki ta ce yara sun cinye, kamar kowace shekara. Ya juya ya fita. Ya hau keke ya je Gubuchi wajen dangin Inna, ya tarar su ma sun yi tasu gumbar, don al'adar daga can ta fito. Ya bi kasuwar Makarfi, ya je har Kudan, wanda ke da iri ya ɓoye abinsa. Daga ƙarshe ya samo irin masara a ofishin gona, aka shuka ba taki, ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya. Shekarar nan da rama da tafasa da garin rogo muka ƙarasa ta. Inna kan ci loma biyu ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Ba ta taɓa ambaton dawar ba, kuma ta daina kirana Malama, sai dai ta ce 'yar nan.

Da rani maigidana ya tafi aikin dahuwar mazarƙwaila a fadamar Makarfi, don da sukari ya yi wuya sai kasuwarta ta buɗe. Tukwanen nan ba sa ƙoshi da itace. Masu saran itace suka bi ƙauyuka, ɗorawa da kaɗanya suka yi ta faɗuwa, mu ma muka ba da tsamiyar bayan gida aka ba mu hatsi. Ina tsaye aka kayar da ita da tsohuwar sheƙar shamuwa a kai. Ban hana ba, yarona yana buƙatar kunu.

Gab da damina ta gaba maƙwabciyata ta shigo da wani abu a bakin zane. Ana sake mata baibayar ɗakin girki aka tsinci 'yan zangarniyoyin da Inna ta ba ta kyauta tun wata kaka, ta soke a jinka ta manta. Ta ce ga amanarmu, mu gode wa mantuwarta, da ta tuna da tuni sun zama kunun Kirsimeti. Inna ta karɓa ta shafa, ta kai hanci, ta ce ita ce. Ranar ce ta sake kirana Malama, ta ce in kawo wa baƙuwa ruwa. Muka shuka a bayan gida inda nake zubar da toka, muka bar rabi a saman murhu. Na yi ta lallaɓa ta kamar jinjiri. Ta tashi, ta wuce tsayin katanga, ta fid da kai, ta yi bununi. Sai damina ta tattara ta tafi tun kafin lokacin da aka saba. Muka sake gwadawa da ragowar a shekara ta gaba, haka aka sake yi.

A wannan kaka ta biyu Inna ta ce in kai ta wajen dawar. Na riƙe mata hannu, na tanƙwaro mata zangarniya ɗaya. Ta murza a tafin hannu, ta hura, babu ƙwaya ko ɗaya, ƙaiƙayi ne kawai. A nan tsaye na gaya mata maganar igiyar guga da shanya da iskar nan, na ce na gani na ce mata ya yi gyara. Ta ce ta sani. Ta ce idonta ne ya mutu, kunnenta yana nan, tana jin yadda gugan ke daɗewa kafin ya taɓa ruwa. Ta ce ita ba za ta iya zama ta farko da ta saɓa wa uwarta ba, shi ya sa ta tambaye ni har sau biyu, tana jira 'yar boko ta faɗa, ita kuma ta fake da ni ta ce a bar irin. Ta kakkaɓe hannunta ta ce kada in ɗora wa kaina, ko da mun ajiye, damina ta riga ta yi wa dawar nan gajarta. Muka koma gida. Na ɗora tukunya. Ba mu sake maganar ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu na tsufa, ina jin masana a rediyo suna maganar sauyin yanayi. Sun ce hayaƙin masana'antu da motoci na manyan ƙasashe ne ya taru a sama ya ɗumama duniya, ya rikita zuwan ruwa da tafiyarsa, sare itatuwa kuma yana ƙara wa abin ƙarfi. Ban san iyakar gaskiyar wane ne ya jawo farin waccan shekarar ba, Allah ne Masani. Abin da na sani, a gidanmu keke ɗaya ne da fitila ɗaya, amma a tukunyarmu abin ya sauka. Kuma da yunwa ta zo, mu da kanmu muka miƙa tsamiyarmu aka ƙone. Mai hali in ruwa ya saɓa masa sai ya tada injin ban-ruwa. Talaka ba shi da komai sai abin da iyayensa suka koya masa, shi ma ya daina aiki.

Ba na nadamar sadaka, yaran da suka ci halal suka ci, Allah Ya karɓa. Shirun da na yi ne nake nema wa gafara. 'Yan'uwana mata na karkara, ku ne ke jan ruwa, ku ne ke shanya, ku kuke fara ganin abin da maza ba su gani ba tukuna. Damina ta yanzu ba ta kakanninmu ba ce, zuwan shamuwa bai isa shaida ba. Kada ku taɓa ragowar iri sai sabon hatsi ya shiga rumbu, ku yi sadakar da wani abin. Ku nemi iri mai saurin nuna ku haɗa da na gado. In an sare itace a gidanku ku dasa wani, ko da ba ku ne za ku sha inuwarsa ba. In kuma babba ya maimaita muku tambaya, ku saurara da kyau, wataƙila ba gaisuwa yake yi ba.

Har yau in an ce mini yaya ruwa, nakan ce ya yi gyara, don haka aka koya mini. Sai in ƙara da cewa amma rijiya ba ta taso ba, ko kuma bara war haka ya fi yawa. Jikokina suna dariya, wai Hajiya ba ta iya gaisuwa ba. Nakan bar su su yi.