Anacleto Mai Goyon Baƙi

A ƙauyen La Barrita babu inda jirgin ruwa zai tsaya mutum ya sauka ƙafarsa a bushe. In teku ta janye, tsakanin jirgi da yashi taɓo ne har gwiwa. 'Yan gari sukan naɗe wando su faɗa. Baƙin da ke zuwa hutu daga birnin Cali su ne ke tsayawa cirko-cirko da fararen takalmansu. A wannan taɓon Anacleto Mosquera ya ci abinci shekara ashirin da uku.

Ɗan masunta ne, amma sana'ar ba ta karɓe shi ba. Ƙato ne, in ya shiga kwalekwale sai gefe guda ya karkace, kuma da an yi nisa jiri ya ɗebe shi ya yi ta sheƙa amai. Tsararrakinsa suka daina fita da shi. Ya koma ɗinkin koma a gindin kwakwa, matarsa Baudilia tana suyar kifi da agade a rumfa.

Wata Asabar jirgin da ya taso daga garin Buenaventura ya kawo wata mata, ta leƙa taɓo ta ce atafau ba za ta sauka ba. Matuƙin ya hango Anacleto.

"Kai jibgege, taso! Tunda kifi ya gagare ka, zo ka kamo mutum."

Anacleto ya ajiye koma, ya kutsa, ya juya mata baya. Ta sake leƙa taɓon, sannan ta hau. Ya dire ta a kan yashi, ta damƙa masa abin da ya fi ladan ɗinkin kwana uku. Kafin shekara ta zagayo, duk jirgin da ya doso sai ka ji ana kwaɗa masa kira tun daga nesa.

Masunta suka laƙaba masa Jakin Baudilia.

"Jaki, yau buhu nawa?"

"Sun fi kifin da ka kamo, mai kwana a teku ya dawo da ƙunar rana."

Mutum guda ne bai taɓa yarda ya hau bayansa ba, wani tela daga Cali mai suna Don Evaristo, da ke zuwa kowane Janairu. Siriri ne, mai tsabta. Yakan ɗaure takalmansa ya rataya a wuya, ya shiga taɓo da kansa.

"Don, hau mana. Kai kyauta ne, ba ka kai nauyin kaza ba."

"Tun da uwata ta sauke ni ba a sake goya ni ba. Matsa."

Haka suka yi shekara goma sha huɗu. Sai wani Janairu 'yarsa ta kawo shi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Anacleto ya isa gefen jirgi ya durƙusa, aka ɗora masa tsohon.

"Kada ka ce komai," in ji Don Evaristo da ƙyar.

"Ban ce ba, Don."

Washegari 'yar ta zo rumfa ta ce babanta yana son shiga teku, ita kuma ba za ta iya da shi ba. Kwana shida, kullum da hantsi, Anacleto ya goya shi daga masauki zuwa ruwa, ya shiga har iya ƙirji, ya tallabe shi igiyar ruwa tana dukansu. Ba sa hira. In tsohon ya gaji sai ya taɓa masa kafaɗa, su fito. Janairun da ya biyo bai zo ba. Ba a aiko da labarinsa ba, Anacleto kuma bai tambaya ba.

Bayan shekara biyu gwamnati ta gina gadar siminti har cikin ruwa. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka yanka alade, shi ma ya ci rabonsa. Baƙi suka koma sauka da akwatuna masu taya, suna wuce shi ba su san ko shi wane ne ba. Bai yi ƙorafi ba. Shekarunsa hamsin da takwas a lokacin, gwiwoyinsa kuma sun daɗe suna hana shi sukuni.

'Yarsu Yesenia, wadda ke aikin jinya a Cali, ta matsa ya je aka yi masa aiki a ƙafar hagu. Ya yi wata guda a can, ya dawo da sanda, ya ce garin ba laifi amma kifinsu ba ya ɗanɗano.

Yanzu a bayan rumfar Baudilia yake wuni, yana gurza kwakwar da ake sa wa a miyar kifi. Lokacin hutu rumfar kan cika har a rasa wurin zama, ita kuma ta riƙa leƙowa da ludayi a hannu.

"Cleto, mutum takwas ke jira. Kwakwar ce kake wa gaisuwa?"

"Su jira. Ai hutu suka zo."