Ƙofar da Mai Tarazo Ya Gyara

Tun yana saurayi Mai Tarazo yake durƙushe a kan daben mutane. Ogansa ke karɓo aiki, shi ke zuba tsakuwa da siminti, ya bi da injin Oga ya goge har mutum ya ga fuskarsa a ƙasa. Gwiwoyinsa sun yi kanta, hannunsa kuwa bai san kuskuren awo ba. In Oga na faɗa da mai gini, shi yana ƙuryar ɗaki yana jiƙa dabe, babu ruwansa.

Matarsa ce ta jiyo labarin rancen da gwamnati ke tsaya wa masu sana'ar gini a banki. Ba kuɗi ake damƙa wa mutum ba, kayan aiki ake saya masa, ya riƙa biya daga abin da aikin ya kawo. Ta yi ta naci har mahaifinta ya jinginar da shagonsa. Aka kawo injin guga sabo dal, aka tura shi cikin shagon, 'yan layi suka fara kiran mijinta ɗan kwangila.

A satin ya ce tunanin ɓarayi na hana shi barci. Ya sayo rodi da siminti, ya ƙara ginshiƙi a kowane gefen ƙofar shagon, ya kafa ƙyauren ƙarfe. Kullum da safe ya yaye tamfol, ya share injin da tsumma, ya mayar, ya bi Oga aiki kamar da, wai kafin nasa aikin ya faɗo.

Nasa ya faɗo: daben zauren wata makaranta, wanda zai rufe biyan farko da banki ke jira. In biyan ya wuce, shagon surukinsa za a fara taɓawa. Aka kira mota, aka turo injin bakin ƙofa, ya cije. Aka karkata shi, aka kwance hannunsa, ya ƙi. Ƙofar ta gaza da 'yan yatsu.

Direba ya yi dariya. "Maigida, inji ka saya ko fursuna ka kama?"

Surukin ya ce, "Fasa ginshiƙin mana."

"Baba, rodin har cikin saman ƙofar na ɗaure shi. In na fasa, bangon gaba zai tsage." Gaskiya ce, shi ya sa ta fito masa da sauƙi.

Da aka watse, matarsa ta ajiye masa abincin rana a kan buhun siminti.

"Baban yara, tun da na shigo gidanka ban taɓa jin an ce ka yi kuskuren awo a ginin wani ba."

"Ni ma ai mutum ne."

"Ka auna injin kafin ka yi ginshiƙin?"

Ya auna kuwa, tun a ranar. Yana tuna tef ya nuna masa injin ba zai wuce ba, yana tuna yadda ya naɗe shi ya sa a aljihu, wani sanyi mai daɗi ya sauka a ƙirjinsa. In injin ya fita, shi zai yi ciniki, shi zai sha zagin mai gini, shi za a nuna da yatsa in dabe ya tsage. Babu bayan kowa da zai raɓe.

Ta ɗauko guduma ta jingina ta da ƙafarsa. Ya dubi gudumar, ya ciro waya ya kira Oga.

Oga ya yarda ya kawo tsohon injinsa, amma kaso babba nasa ne. Ragowar ba za ta kai biyan banki ba, dukansu sun sani.

"Gobe ka yi sammako ka jiƙa daben, ɗan kwangila."

"To, Oga," in ji shi, ya ji kunyar yadda kalmar ta zauna masa daidai a baki.

Matarsa ta ɗaga kai ta dubi rufin shagon mahaifinta, ta tattara kwanonin ba tare da ta tambaye shi ko ya ƙoshi ba. Shi kuma ya ja tamfol ya lulluɓe injin, ya gyara gefen da ya karkace.